Ranar da Malam Ya Binciki Asalin Tantan

Warin baƙin mai idan ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi ne yake mayar da ni Toranke. Ko a bakin garejin da nake wucewa in tafi aiki a Kano na shaƙe shi, sai in ga kaina a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, gaban wata jar tantan da ta ƙi tashi. Ba zan ce maka duk abin da zan faɗa haka ya faru daki-daki ba. Ina yaro a lokacin, kuma wani ɓangaren daga bakin manya na ji. Amma abin da na gani da idona, ina jin ban ƙara masa gishiri ba.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya kawo tantan gidan. Ya yi makarantar koyon aikin gona, ya dawo da magana ɗaya a bakinsa: zamanin garmar shanu ya wuce. Ya yi ta lallashin kakana, wanda kowa ke kira Malam, har ya amince aka sayar da shanun huɗarmu aka haɗa da gyaɗar bara, aka sayo tsohuwar tantan a hannun wani mutumin Ajingi. Ranar da ta shigo gari, yara muka bi ta a guje, mata suna leƙe ta saman katanga. Kakata, Iya, ita kaɗai ce ba ta fito ba. Ita ta saba ba shanun nan dusa da hannunta.

Ruwan shuka yana sauka, tantan ta shiga babbar gonarmu. Ba ta ci rabi ba ta fara tari, ta yi baƙin hayaƙi, ta mutu. Da igiya da ƙarfin samari aka jawo ta gida. Ka san abin da wannan yake nufi ga gidan da ba shi da sauran sa ko ɗaya, a lokacin da kowane mai shanu yake fama da tasa gonar. In ba a yi huɗa ba, ba gyaɗa, ba gero. Rumbun gida kuwa ya riga ya yi ƙasa.

Baffa ya hau mota zuwa Kano, ya dawo da littafin gyara mai kauri. A bangonsa ga hoton jar tantan, sak tamu, har lambar da ke jikin murfin inji iri ɗaya. Iya ta dubi littafin, ta dube ni, ta ce, "Angona, tambayi baffanka, shi wannan dusa yake ci ko harawa?"

Da hantsi Baffa ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu, ya buɗe littafin. Malam ya sallami ɗalibansa ya fito daga zaure. Bai iya boko ba, amma mutum ne da ya ƙare rayuwarsa cikin littattafai, wasunsu ma rubutun hannu. Ya zauna a kan buzu, ya ce a nuna masa.

Har yau ban manta shafin da Baffa ya buɗe ba. An zana inji an wargaza shi a sarari, kowane ƙarfe yana shawagi kusa da ɗan'uwansa, kowane noti da siririn layi mai nuna ramin da zai shiga. Malam ya daɗe yana kallo. Can ya ce, a hankali, "Wani bawan Allah, a ƙasar da ba mu taɓa gani ba, ya zauna ya san gidan kowane ɗan ƙarfe. Allah mai koyar da ɗan'adam." Maganar ta shige ni, ko da yake a lokacin ban san dalili ba.

Baffa ya kai hannu ga sifana. Malam ya ce, "Dakata. An yi muƙabala?"

A wurin Malam, idan ɗalibi ya kwafi littafi, ba a karatu da shi sai an yi muƙabala: ɗaya ya riƙe na asali, ɗaya ya riƙe kwafi, a bi su layi-layi a ga ko sun dace. Baffa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan bugun kamfani ne, ba rubutun hannu ba."

"Na ji. Kai riƙe littafin, ni in riƙe ƙarfen."

Haka aka yi. Baffa yana faɗin abin da ke hoto, Malam yana shafa inji da yatsunsa masu tabon tawada. Sun dace a tankin mai, sun dace a sitiyari. Da aka zo kan siraran bututun da ke kai mai cikin inji, Baffa ya ce huɗu. Malam ya bi su da yatsa, ya sake bi, ya ce, "Nawa uku ne."

Baffa ya durƙusa ya ƙirga da kansa. Ya duba bango, ya duba lamba, ya koma ya ƙirga. Ya ce ai wataƙila bambancin kaɗan ne, a bar shi ya ɗaure notuna yadda littafin ya ce, ƙasa tana shan iska, maƙwabta har sun fara rufe iri. Malam ya ce, "Littafin bai yi ƙarya ba. Labarin wata tantan yake ba ka, ba wannan ba. Ita wannan, 'yar gidan wa ce? Ko aure za ka ɗaura ai sai ka tambayi asali."

Washegari ranar kasuwar Ajingi ce, suka tafi su biyu. Ban bi su ba, don haka labarin da Baffa ya ba mu nake maimaita maka. Mutumin da ya sayar mana ya rantse haka ya same ta, a hannun wani ɗan kasuwa a Balan, daga cikin gidajen da kakanninsu suka zo daga gabas. Suka nufi Balan. Ɗan kasuwar, wani dattijo, ya shimfiɗa musu tabarma, ya ji abin da ke tafe da su, ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce injin farko ya ƙone tun mahaifinsa yana raye, wani bakanike a Gaya ya ciro na wata ƙaramar tantan ya dasa mata. Ya ce kada su kula da lambar murfi, lambar gaskiya tana jikin injin, ta ɓangaren hagu, a buge cikin ƙarfe.

Kafin su dawo aka sake yin ruwa. Iya ta tsaya a bakin ɗakinta tana kallon hadari, ba ta tsokani kowa ba ranar, kuma wannan shirun nata ya fi ba ni tsoro.

Suna sauka Baffa ya kankare dattin shekaru da bakin wuƙa, ya wanke da kananzir. Lambar ta fito, ƙanana-ƙananan haruffa, kamar tana jiran mai tambaya tun kafin a haife ni. Ya koma Kano da ita a rubuce da biro a tafin hannunsa. Littafin da ya samo wannan karon ko bango ba shi da shi, hoton takardu ne aka ɗinke da zare. Aka sake muƙabala. Uku a takarda, uku a ƙarfe. Na ga Malam ya yi murmushi irin wanda yake yi idan ɗalibi ya kawo hadda ba gyara.

Daga nan aiki ya koma hannun Baffa, kuma ya iya shi. Ya bi shafi-shafi, ya kwance, ya wanke, ya canja abin da ya ci, ya ɗaure kowane noti a jerin da aka ce. Daga baya ya gaya mini da ya bi awon littafin farko, da mai yiwuwa ya lalata kan injin gaba ɗaya. Ban san ko haka ne ba. Shi dai ya yi imani da hakan. Da ya murɗa makulli, tantan ta yi tari, ta yi shiru, sannan ta kama, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin tafin ƙafata. Malam ya ɗora hannu a kan ƙarfen yana jin bugunsa, leɓensa yana motsi. Iya ta leƙo daga soro ta ce, "To, a gaya mata ta biya ni shanuna."

Mun yi shuka a makare. Gyaɗar ba ta kai ta maƙwabta ba, amma rumbu bai kwana wofi ba. Littafin farko kuwa Malam ya hana a yar. Ya ce gangar jikin tantan ɗin ta wannan littafin ce, kuma ya yi gaskiya: da shi aka gyara giya daga baya.

Malam da Iya sun rasu, Allah ya jiƙansu. Tantan tana nan a gindin darbejiya. Kwanakin baya Baffa, wanda idonsa ya fara rauni, ya kira ni ya ce gara ta cinye littafin zaren, tunda na yi jami'a in nemo masa wani a waya. Ina dubawa suka fito birjik, kusan kowanne da jar tantan a bangonsa, kowanne yana cewa shi ne daidai. Abin da ya kai su Ajingi da Balan da Kano, ga shi a tafin hannuna, amma na kasa taɓa ko ɗaya. Na kira shi na ce, "Baffa, ka tabbata ba a sake taɓa injin ba? Bututun nawa ne yanzu?"

Na ji dariyarsa. Ya ce, "Uku ne, Malam ƙarami. Amma na san ba za ka yarda ba."

Ranar Asabar na hau motar gida, da kwalbar kananzir a jakata.