Akwatin da Ya Kira Shanun Garba

Duk lokacin da garken shanu zai wuce ta gaban shagonsa a kasuwar Gwandu, Haruna yakan kai hannu ya rage muryar rediyon da yake gyarawa, ya sunkuyar da kai har sai ta ƙarshensu ta wuce. Abokan aikina ba su taɓa lura ba, domin su hira ce take kai su shagon. Ni kuwa a kan benci nake zama da jakar kayan wasan kwaikwayo a cinyata, ba ni da aiki sai kallo.

Yayana Muzzammil yana shirya gajerun finafinan barkwanci, irin waɗanda ake kallo a waya. Da na gama jami'a na dawo gida, sai ya ce in riƙa kula musu da tufafi. Labarin nasu ba ya canzawa: wani matashi ya buɗe kamfanin fasaha a zauren gidansu, yana ƙirƙiro na'urori yana neman masu zuba jari, kowace na'ura kuma sai ta kunyata shi a gaban baƙi. Abdulbaƙi, abokin Yaya, shi ne yake fitowa a matashin. Haruna ne mai haɗa na'urorin. Shi ya yi injin dama fura da cikin tsohuwar fanka, wanda ya watsa wa attajirin da zai zuba jari a wasan fura har cikin hula. Ya taɓa ce mini haɗa abu mai aiki ba wuya, wahalar tana ga abin da zai lalace daidai lokacin da kyamara take kallonsa.

Haruna mutumin Maruda ne, nan ƙasar Gwandu, ɗan gidan makiyaya. Abin da na sani na ƙuruciyarsa, daga bakin wata mai kawo mana nono na ji shi, 'yar rugarsu ce. Ta ce tun yana ƙarami shanu ba sa amsa masa. Kowane makiyayi da irin kiransa, shanunsa kuma sun san shi kamar yadda yaro ya san muryar uwarsa, amma Haruna in ya yi kira ko kunne ba sa kaɗawa. Wansa Garba ne mai murya. Shi kuwa Haruna sai kwance tocila da tsintar wayoyin lantarki, har aka gaji da faɗa aka bar shi ya shigo gari koyon gyara.

Wata shekara da rani Garba ya yi kudu da garke, zazzaɓi ya kama shi a can, aka binne shi a can. Abokan tafiyarsa suka dawo da shanun da labari. Aka raba gado, aka sayar da yawancinsu. Mahaifiyarsu Inno ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, sai ta ƙi zaman makoki. Duk wanda ya zo mata gaisuwa sai ta ce tafiya ce yaron ya yi. Shekaru ta yi tana fita bakin burtali da la'asar tana duban kudu, kuma sai kwanan nan ta daina.

Ranar da Yaya ya zo da sabon labari, muna shagon. Kamfanin wannan karon sunansa Kiwo Ba Makiyayi: akwati ne mai lasifika, a danna shi ya kira shanu su dawo gida da kansu. Abin dariyar shi ne a danna a gaban attajiri, ba saniyar da za ta zo sai jaki. Abdulbaƙi ya ɗauki waya ya naɗi kiransa, aka kunna.

"Kai Abdul, wanga ai kukan ƙyauren da ba mai ne," in ji Yaya. "Ko akuya ba ta juyowa."

"To ba haka ake so ba? Kada su zo?"

"Sai kiran ya yi kama da na gaskiya dariyar take fita. Kai naka tun ba a danna ba an san ƙarya ce."

Abdulbaƙi, da ba ya iya zama wuri ɗaya, ya jawo wani tsohon akwatin katako daga ƙarƙashin tebur, da lasifika a jikinsa da batirin babur a ɗaure. Ya haɗa wayoyin biyu da ke lilo. Sai wata murya ta cika shagon, doguwa, tana hawa tana sauka, tana jero sunaye. Mahaucin da ke tsallaken hanya ya ɗago kai. Haruna ya fizge wayar.

"Malam Haruna, ai ga abin da muke nema!" in ji Yaya. "Kana da wanga ka bar mu da Abdul?"

"Muryar wana ce. Ya rasu."

Yaya ya cire hula, suka yi masa ta'aziyya, aka bar maganar. Amma washegari Haruna da kansa ya tayar da ita. Ya ce shi ya naɗi kiran, ya haɗa akwatin don ranar da Garba ba ya nan shi ma ya iya dawo da garke gida kamar kowane ɗa. Garba ya yi ta dariya, ya ce in ya dawo daga kudu za su gwada.

"Ban taɓa gwada shi ba," in ji Haruna. "Ina so in ga ya ƙi aiki, in huta. Amma ba a ƙasar Gwandu ba. Kuma kafin ku saki fim ɗin, ku cire muryar ku sa ta Abdul. Inno tana raye, 'yan matan rugarmu kuma kowace da waya. In ta ji shi, za ta koma bakin burtali."

Yaya ya yi alkawari. Muka zaɓi wani fili kusa da Diggi, can ƙasar Kalgo, inda ba wanda ya san mu. Da hantsi muka isa. An gama girbi, garkuna daban-daban suna cin kara can nesa a bakin fadama. Aka kafa tebur, aka ɗaure jakin da muka aro a bayan wata bishiya. Mutanen ƙauye suka taru. Abdulbaƙi ya sa wata kwat da ta yi masa yawa da malafa a kansa, ya fara yi wa attajirin wasan bayani.

"Ranka ya daɗe, zamanin sanda ya wuce. Saniya ta yau manhaja take so. Kana kwance ɗakinka, ka danna, ta zo ta yi sallama."

Jama'a suka kwashe da dariya. Ya danna.

A fili muryar ta fi girma. Ta tafi har fadama, kamar mai ita yana tsaye a tsakaninmu. Aka saki jaki, ya leƙo, dariya ta ƙaru. Ni ina kallon nesa. Wata farar saniya ta ɗaga kai daga cikin kara. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta fita daga garkenta ta nufo mu, ba gudu, tafiya irin ta mai komawa gida. Daga wani garken, a wani ɓangaren, wata ja ta fito. Sai wata. Makiyayansu suna ihu suna tare su da sanda, shanun suna kauce wa sandar su ci gaba.

Dariyar ta mutu daga baya zuwa gaba, yadda mutane suke juyawa. Aka dare aka ba su hanya. Suka zo suka kewaye teburin, tsofaffin shanu ne dukansu. Ba su kalli akwatin ba, ba su kalli Abdulbaƙi ba. Bayan teburin suke kallo, inda ba kowa, daidai tsayin kan mutum. Farar ta zagaya can ta sunkuya tana shinshinar ƙasa, ta ɗago ta yi wani ɗan kuka a maƙogwaro, irin wanda saniya take yi wa ɗanta. Abdulbaƙi ya cire malafar a hankali ya riƙe ta a ƙirji.

Wani dattijon makiyayi ya iso yana haki. Ya saurara, ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ne ya tayar da Garba?" ya ce. "Shanun ga daga hannun mutanen Maruda muka saye su a kasuwa. Na san yaron, mun sha ruwa rijiya ɗaya. Mi kuka yi?"

Haruna ya cire wayar batirin. Shanun ba su motsa ba. A lokacin ne na ga hannuwan samarin ƙauyen a sama, kowane da waya yana ɗaukar bidiyo. Na taɓa rigar Yaya na nuna masa. Ya bi su yana roƙo don Allah su goge. Ɗaya ya dubi wayarsa ya ce, "Ai Alhaji, bidiyon har ya tafi."

Haruna ya rungumi akwatin. "Muzzammil, kai ni Maruda. Yanzu."

Muka bar sauran da kwashe kaya, muka bi ta Birnin Kebbi. Yaya yana tuƙa motar, Haruna yana gaba da akwatin a cinyarsa, ina baya. Duk tsawon hanyar magana ɗaya Haruna ya yi, ba da kowa ba, yana duban gilashi: "Ashe yana aiki."

Bayan la'asar muka isa. Yaya ya tsaya a waje, ni na bi Haruna ciki tunda mace ce ni. Inno tana zaune a inuwar ɗakinta tana saƙa faifai, 'yar siririyar tsohuwa mai tsayayyun idanu. Na durƙusa na gaishe ta. Haruna ya ajiye akwatin a gabanta ya tsugunna.

"Inno, akwai abin da za ki ji a wayoyin mutane, yau ko gobe. Gara ki ji shi a hannuna." Ya faɗa mata yadda ya naɗi kiran da abin da ya faru a Diggi, bai rage komai ba.

"Kunna," ta ce.

Ya rage ƙarar sosai, ya haɗa wayar. Muryar tana fitowa Inno ta miƙe tsaye, faifan ya faɗi. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta juya ta fuskanci ƙofar gida, ta yi taku biyu. Haruna ya runtse ido. Kiran ya ƙare, akwatin ya dawo da shi daga farko, kamar yadda aka yi shi. Inno ta tsaya. Ta karkata kai. Da ya ƙare ta ce, "Bar shi ya sake."

Ya sake. Ta dawo ta zauna dab da lasifikar.

"Ya yi ɗan tari a nan," ta ce. "Ji. Ga shi ya sake yi, wuri ɗaya." Ba ta faɗin sunan Garba, ɗan fari ne. "Yayanka bai taɓa kiran shanu iri ɗaya sau biyu ba. Ko da safe da yamma daban yake yi." Ta ƙara saurara har tarin ya sake zuwa a inda yake. Sai ta ɗora hannunta a kan katakon. "Wanga ba mai dawowa ba ne."

Ta yi salati, ta ce daga Allah muke gare shi za mu koma, a hankali, kamar yanzu aka shigo mata da labarin. Ta ce wa Haruna ya kashe, ya bar shi ya huta. Sannan ta dube ni, karo na farko tun shigowata.

"Ɗiyata, shiga gidan can ki ce wa matan su zo. Ki ce an yi mini rasuwa."

Na je na faɗa. Matan suka dubi juna, ba wadda ta tambaye ni wa ya rasu. Suka ɗauki mayafansu suka biyo ni. Da muka shigo, Haruna ya riga ya kwance batirin ya tura akwatin ƙarƙashin rumbu. Ya fita ya aro tabarmi a maƙwabta, ya share ƙofar gida, ya shimfiɗa wa maza.