Allon Injiniya Sa-Hula

Sa-Hula ake ce masa a masana'antar kwanon rufi, domin shekara goma sha tara ke nan, tun gama karatunsa na injiniya, yana bin leburori da cewa su sa hular kwano. Shi ne mai kula da lafiyar ma'aikata, kuma ya san aikinsa. Shi ya sa aka yi wa injin yanka raga, shi ya matsa aka sayi safar hannu. Sai dai mutumin akwai son a yaba.

A bakin ƙofa ya kafa allo, kullum da safe ya rubuta kwanakin da aka yi ba wanda ya ji rauni. Manaja ya yi alkawarin in an cika kwana ɗari uku za a kira taro a karrama shi. Gogan naka har ya kai yadi wurin tela. Ya dinga zagaye yana cewa cikin raha, "Wanda ya ɓata min allo, ni da shi!"

Wani tsoho da ke kan injin lanƙwasa bai ɗauki maganar wasa ba. Ana saura kwana goma sha ɗaya kwano ya tsage masa tafin hannun dama. Ya ɗaure da tsumma, ya mayar da safa, ya ci gaba da aiki. Sai da wari ya tona asiri aka kai shi asibiti, likita ya cire yatsu uku.

Sa-Hula ya je dubiya da faɗa a bakinsa.

"Haba Baba! Akwatin magani na ofishina, me ya hana ka zuwa?"

"Na zo, Injiniya. Na tarar kana rubuta lamba kana murmushi, sai na ga bai kyautu ba."

Kunya ta rufe Sa-Hula, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Matar tsohon ta ajiye mafici ta ce, "Ranka ya daɗe, tun jiya ya ƙi cin abinci, wai ya ja maka asara. Don Allah ka ce ka yafe masa."

Ya so ya ce shi ne mai neman gafara, amma su biyun sun zuba masa ido, abinci na hucewa. Ya sunkuyar da kai.

"Na yafe, Baba."

Tsohon ya yi hamdala, ya jawo farantin da hannun hagu.