Ranar da Goggo Hajo Ta Shiga Kwamiti da Bokiti

Duk wanda ya ce mini Goggo Hajo mai shara ce kawai, to ya shirya, za mu sami saɓani. Shekara tara muna aiki a bene ɗaya a jami'a, ni sakatariya, ita da tsintsiya da bokiti. Ni 'yar Yammedi ce, ita mutuniyar Fulatan, garuruwanmu kusa da juna suke, shi ya sa nake ce mata Goggo, ita kuma ta ce mini 'yar gida.

A ruga aka haife ta, ba ta taɓa zama a aji ba. Da Fulatanci ta tashi, Hausa a wajen tallan nono ta koya. Akwai kuma yayanta Sulle, kurma ne tun haihuwa, tare suka yi kiwo har aka yi mata aure. Duk hirar da suka yi a daji da hannu suka yi ta, har faɗa da hannu suke yi. Da mijinta ya sami aikin gadi a Kano ta biyo shi, da ya rasu ta nemi shara.

A nan ta haɗu da Mu'az, wani ɗalibi ɗan garin Beli mai karatun lissafi. Shi ma kurma ne. Jami'a ta ɗauke shi, har aka buga hotonsa a mujallarta don duniya ta ga ba a wariya, amma ba a ba shi tafinta ba. Littafin 'yan aji yake ara ya kwafa. Goggo ce kaɗai ke tsayawa su gaisa. Maganar hannu irin ta makaranta ba ta iya ba, ta gida ta iya, shi kuma da ta gidan ya tashi. Sai ka gan su a gindin matakala suna ta dariya, wai labarin damina ake yi.

Yana aji uku aka kama shi da laifin satar amsa. Mai sa ido a jarrabawa ya rubuta cewa ya ga Mu'az yana yi wa wata ɗaliba alama da yatsu. Hukuncin wannan laifi kora ce. Mu'az ya rubuta bayani shafi biyu, wallahi ni na sa shi a fayil, amma babu wanda ya buɗe.

Ranar zaman kwamitin ladabtarwa ni ce mai rubuta bayanin taro. Aka zaunar da yaron nan a gaban mutum biyar, suna ta Turanci a kansa, shi kuma yana bin bakinsu da ido. Raina ya ɓaci, amma ban ce uffan ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

Sai aka yi sallama. Goggo ce, da bokitinta, wai ta zo goge tebur. Teburin da ta goge da safe! Ta durƙusa ta gaida shugaban kwamiti, Farfesa Badamasi, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, ina da magana."

Wani malami ya ce, "Haba Baba, taro muke yi."

Ta ce, "Na gani, ɗan nan. Ai taron ne ya kawo ni."

Farfesa ya ce a bar ta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kullum ina shara a ofishinka. In kana duba takarda, bakinka motsi yake yi. Da wa kake magana?"

Ya ce, "Da kaina."

"To shi ma yaron nan da kansa yake magana. Kai a baki naka tunanin yake, shi a hannu. Yayana haka yake ƙirga shanu shi kaɗai. Ku kira yarinyar, ku ga ko ta san ko da alama ɗaya."

Aka kira ɗalibar, Hidaya, ta shigo. Goggo ta yi mata alamar ruwa, ta yi mata ta gaisuwa. Yarinya ba ta gane ko ɗaya ba, ta ce ita ko sunansa ba ta sani ba sai da aka haɗa su a takarda. Aka ɗauko amsoshinsu aka gwada, ko hanyar lissafinsu ba ɗaya ba ce. Mai sa idon nan, wanda ke zaune a gefe, ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, bai sani ba ne, kuma babu wanda ya taɓa koya masa.

Farfesa ya cire tabarau ya ce, "Baba, tambaye shi ko yana da abin cewa."

Goggo ta juya ta yi masa alama. Mu'az ya daɗe yana kallon Farfesa kafin ya ɗaga hannu. Ya yi magana da hannu a hankali. Goggo ta goge ido da gefen mayafi.

Ta ce, "Ya ce ya gode. Ya ce shekararsa uku a makarantar nan, yau ce rana ta farko da wani malami ya tambaye shi abu, ya tsaya ya jira amsa."

Babu wanda ya ɗaga kai. Ni kam kuka na yi, ban ɓoye ba. Farfesa ya jawo fayil ɗin, ya buɗe shafi biyun da Mu'az ya rubuta, ya karanta su da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Sannan ya dube ni ya ce, "Sa'adiya, rubuta ba shi da laifi. Ki kuma rubuta mu ne muke da shi."