Waƙafi da Shafi na Tara

A hawa na biyu na ofishin kula da sufurin jiragen sama, kusa da tagar da ba ta rufuwa sosai, nan teburinta yake. Shekara ashirin da shida tana buga takardu. Kowa Waƙafi yake ce mata, don ko darakta ne ya tsallake waƙafi a rubutunsa, sai ta mayar masa ya gyara.

Aikin da ya fi ba ta wuya shi ne yarjejeniyar da za ta ba jiragen ƙasarsu izinin sauka kai tsaye a wata ƙasa ta ƙetaren teku. Shekara bakwai ana kai ruwa rana: jirgi nawa, a wane fili, wa zai ɗauki kaya. Duk zaman da aka tashi sai a dire mata takardu sun sha jan biro. Mijinta, direban tasi, yakan tsokane ta: "Wannan takarda taku ko ɗiya ce, ai ta isa shiga makaranta."

Ranar sa hannu da safe, tana jera kwafi biyu na yarjejeniyar, idonta ya faɗa kan shafi na tara. Nasu ya ce jirgi huɗu a mako. Na baƙin da suka zo daga waccan ƙasar ya ce huɗu a wata. Ta daɗe tsaye a bakin ɗakin taro kafin ta ƙwanƙwasa.

"Ranka ya daɗe, a dubi nan kafin a ɗauki alƙalami."

Darakta ya karanta, ya goge tabarau, ya sake karantawa. Ashe kuskuren bugu ne daga wajen baƙin. Aka gyara, aka sa hannu. Shugabar tawagar baƙin ta fito har teburin Waƙafi, ta riƙe hannunta biyu tana godiya ta bakin tafinta.

Bayan shekara Waƙafi ta yi ritaya. Wata rana da yamma maƙwabciyarta ta shigo tana share hawaye. Ta ce ɗanta da ke karatu a waccan ƙasar ya iso a jirgin da ke zuwa kai tsaye cikin awa shida, ba kwana biyu kamar da ba, ya sami mahaifinsa a asibiti da ransa, har sun yi magana.

"Yaya, an ce da hannunki a ciki. Allah ya saka."

"Ni bugawa kawai na yi," in ji Waƙafi. Ta jawo mata kujera, suka zauna suna ta hamdala.