Farantin Ƙarfen da Ke Ƙarƙashin Motar Barau

Wata ranar Laraba, ana tsakiyar damina, wani direba mai suna Barau ya tsayar da akori-kurarsa a bakin rumfar wani mai walda.

Mai waldar nan, duk garejin Malam Sai-Gobe ake ce masa. Ko ƙafar kujera ka kai masa, sai ya juya ta, ya auna, ya sake aunawa, sannan ya ce ka dawo gobe.

Sunansa na yanka ba zan faɗa ba. In kun kai ƙarshe za ku san dalili.

Barau mutumin Dutsen Gawo ne, wani ƙauye can saman tsauni. Motarsa ce kaɗai ke hawa can. Ita ke sauko da buhu, ita ke sauko da akuya, ita ke sauko da marar lafiya.

Hanyar kuwa duwatsu ne zalla. Akwai wani da ya tsiro a tsakiyar hanya, daidai inda babu kaucewa, dama kwazazzabo, hagu bangon dutse. Mutanen ƙauyen suna kiransa Ɗan Haure.

Sau uku Ɗan Haure yana fasa wa Barau tankin mai. Duk lokacin da hakan ta faru, sai ya kwanta a ƙarƙashin mota, ya cuɗa sabulun wanki ya liƙe ramin, ya lallaɓa har ya iso gari.

To bana sabulu ba zai yi ba.

Matarsa Lantana ta shiga watan haihuwa. A asibiti an gaya musu ƙarara kada ta kuskura ta haihu a gida, domin haihuwarta ta fari da ƙyar aka ceto ta. Ranar da naƙuda ta tashi, dole motar ta sauko da ita, kuma dole ta iso.

Shi ya sa tun da safe ya sa makanike ya ɗaura masa wani tankin. Daga can ya taho rumfar walda, riƙe da murfin durom da ya bubbuge ya miƙar.

"Malam, ga shi. Ɗan ɗiga masa walda a ƙarƙashin tankin nan, kusurwa huɗu kawai, in kama hanya."

Malam ya karɓa, ya ƙwanƙwasa da yatsa. Murfin ya yi ƙara kamar tasa.

"Wannan kai wa mai ƙosai, za ta sa maka albarka. Sannan ni ba na kai wuta kusa da tankin da ke da fetur. Ina da iyali."

"Ni ma ai iyalin ne suka kawo ni."

Nan Barau ya kwashe zancen Lantana ya gaya masa.

Malam ya ajiye murfin. Ya jawo wani babban kwali, ya soke alli a bayan kunne, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin motar.

Barau yana tsaye, ƙafafun mutumin kawai yake gani. Ya fito ya datse kwalin da almakashi, ya koma. Ya sake fitowa, ya rage nan, ya ƙara can, ya koma. Har kwalin ya ɗauki siffar cikin motar, da alamar alli a duk inda noti zai shiga jikin casis, wato ƙarfen da ya ɗauki motar gaba ɗaya.

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Koma gida, kada matarka ta kwana babu mota a kusa. In ka zo Ɗan Haure, sauke kowa, ka haye a hankali. Ka dawo gobe."

Masu facin taya da ke gefe suka fashe da dariya. "Ai mun faɗa maka! Sai gobe!"

Barau ya shiga mota yana ƙunƙuni.

Kashegari bayan azahar ya dawo, ya tarar da aikin a jingine.

Faranti ne na baƙin ƙarfe, kaurinsa ya kusa ƙaramin yatsa. An lanƙwasa gabansa sama kamar gaban kwalekwale, don in ya gamu da dutse ya zame a kai, kada ya kafe. An huhhuda shi don ruwa da taɓo su riƙa zubewa. Ga hannaye huɗu da za su kama casis da noti, babu abin da zai taɓa tankin.

Suka ɗaga shi su biyu, Malam ya kwanta ya ɗaɗɗaure.

Barau har ya zaro makulli.

Sai ya ga Malam ya zura yatsu uku tsakanin farantin da tankin. Ta dama suka shige. Ta baya suka shige. Ta gaba, ɓangaren hagu, yatsa ɗaya ne kawai ya shiga.

"Miƙo sifana. Sauke shi za mu yi."

"Sauke me?"

"In faranti ya matse tanki, dukan da ya sha, tankin ma ya sha. Sai an bar masa wurin lotsawa. Hannun nan ya gajarta, sai na sake shi."

Barau ya dubi sama. Hadari ya haɗo ta gabas, ga Lantana can kan tsauni. Ransa ya ɓaci.

"Haba Malam! Don Allah wane irin mutum ne kai? Yatsa biyu fa! Abin nan a ƙarƙashin mota yake. Wa zai gani?"

Malam bai ko ɗago kai ba.

"Dutse zai gani."

Barau ya sunkuya. Ya miƙa sifana.

Sai bayan la'asar sakaliya aka gama. Yatsu uku suka shige ta ko'ina. Barau ya ja mota ya tafi, ko sallamar kirki bai yi ba.

Kwana tara bayan nan, aka kwana ana ruwa. Da hantsi naƙuda ta tashi.

Aka shimfiɗa wa Lantana katifa a bayan motar. Iya Kande ungozoma ta zauna ta tallafe mata kai.

Ruwan ya wanke ƙasar hanya. Tun daga nesa Barau ya hango Ɗan Haure ya ƙara tsawo, ya fito tsirara, gabansa kuma taɓo ne. In ya rage gudu, motar za ta kafe. In bai rage ba, ga dutse.

Iya Kande ta bubbuga rufin motar.

"Kai ɗan nan, jini take zubarwa! Kada ka tsaya!"

Ya ce bismillahi, ya taka.

Ƙarar da ya ji, har cikin haƙoransa. Motar ta ɗaga, ta yi wani irin gurzawa mai tsawo, ta dira a ɗaya gefen.

Ya san wannan ƙarar. Sau uku yana jin ta. Abin da ke biyo bayanta warin fetur ne, da allurar mai tana sauka yana kallo.

Ya buɗe hanci yana shaƙa.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai.

Ya dubi allura. Tana nan inda take.

Bai tsaya ba sai ƙofar asibiti.

Da aka shige da Lantana, ya rasa inda zai sa kansa. Sai ya tsinci kansa a kwance ƙarƙashin mota. Farantin ya lotsa, an yi masa wani dogon zane tun daga gaba har tsakiya. Kuma a ina? Ta gaba, ɓangaren hagu.

Ya zura yatsu. Uku ba su shiga ba. Biyu ba su shiga ba.

Ɗaya ya shiga, da ƙyar.

Yana nan kwance yana kallon yatsan nan Iya Kande ta leƙo.

"Fito daga nan, mai abin kunya. Namiji ne. Uwar ma ta buɗe ido."

Barau ya ce da kansa gobe zai je ya yi wa Malam godiya. Gobe ta yi, yana jigilar asibiti. Aka yi suna. Aka shiga girbi. Kullum ya ratsa gari da lodi sai ya ce gobe.

Ranar da ya je, wata huɗu da rabi sun wuce. Ya tarar da rumfar a rufe da kwaɗo.

Masu facin ba su yi dariya ba a wannan karon. Suka ce Malam ya rasu, zazzaɓin kwana biyar ne. Suka kwatanta masa gidan.

Gidan da suka kwatanta masa, gidanmu ne.

Malam Sai-Gobe maigidana ne. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma yau zan fara ba.

Ban daɗe da fita takaba ba suka yi sallama, Barau da Lantana da goyo. A zaure ya zauna ya ba ni labarin nan yadda na ba ku shi. Da ya zo kan murfin durom na yi dariya, domin maganar ta Malam ce sak.

Kuma na tuna wannan Alhamis ɗin. Ya dawo a makare, da yanka a hannu, tuwo ya huce. Na yi ta mita. Na ce ƙarfe ya fi mu daraja a wurinsa. Ya ce mini wani aiki ne ya ƙi zama daidai. Iyakar abin da ya ce ke nan, ya ci tuwonsa da sanyi.

Barau ya ce, "Inna, don girman Allah ki fito ki gani."

Na sa mayafi na fita. Na durƙusa a gefen motar, ni da ban taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba a rayuwata. Ya nuna mini wurin. Na zura yatsana.

Ya shige.

A nan ne kukan da na daɗe ina riƙewa ya zo. Shekara da shekaru ina wanke masa riguna masu ƙonewar tartsatsi, ban taɓa ganin aikinsa ba sai da na durƙusa.

Lantana ta kwance goyon ta ɗora mini a cinya. Na tambayi sunansa. Ta dubi mijinta, shi kuma ya sunkuyar da kai. Ashe tun kafin suna ya aika aka karanto masa sunan da ke jikin allon rumfar.

Na ce to shi ke nan, wannan ma ba zan iya kiran sunansa ba.

Maigida nake ce masa. Yanzu yana rarrafe. Duk ranar kasuwa sai an sauko mini da shi, a motar nan, ta kan Ɗan Haure.

Darasi:

Aikin da ke ɓoye ma yana da ranar da za a gwada shi. Ka yi shi daidai ko babu mai kallo, domin ba ka san ran wa zai hau kansa ba.

Kuma in akwai mai yi maka irin wannan aikin, a wurin sana'a ko a cikin gidanka, ka gode masa yau. Barau ya makara. Ni da nake kwana gida ɗaya da shi ma na makara.

Ku tura wa wani mai sana'ar hannu da kuka sani, ya san ana ganinsa. Wanda ya karanta kuma, don Allah ya sa Malam a addu'a.