Hannun Bakatsine a Cikin Miyata

Ni da aka haifa a kwarin Haɗeja, inda alkama ke kaiwa ƙugun mutum da sanyi, wai ni alkama ta ɗaura wa yaƙi da tsufana. Likita ce ta faɗa, bayan an zura min wata roba ta maƙogwaro an leƙa hanjina. Ta ce sunan ciwon siliyak. Ta zana min hanji a takarda, ta ce a cikinsa akwai wasu 'yan gashi-gashi masu tsotsar amfanin abinci, to nawa alkama ta aske su ƙwal.

Na cire hula na nuna mata sanƙona, na ce, "Likita, na kan bai isa ba, sai an haɗa da hanji?"

Ba ta yi dariya ba. 'Yata da ta kawo ni ta ce, "Baba, don Allah."

Ban gama firamare ba, amma na tsufa a kan sitiyari, kuma direba ya san doka. In an ce ba a bin hanya, ba a bi. Aka ce ba burodi, ba taliya, ba alkubus, ba funkaso, ba alkaki. Aka ce ba gurasa. Mutumin da ke zaune a Kano a ce masa ba gurasa! Na haɗiye yawu na ce na ji, kuma Allah ne shaidata, tun daga ranar ban kai alkama bakina da sanina ba.

Abu ɗaya na ce ba mai raba ni da shi, ciyayyarmu. Ina zaune a ɗakunan baya na gidan da na yi wa tuƙi a Nassarawa GRA. Maigidan ya rasu, 'ya'yansa suka ce mu zauna, ni da tsohuwata, uwar 'ya'yana. A unguwar nan kowa katanga ya ja ya shige, sai ka yi wata ba ka ga fuskar maƙwabcinka ba, sai gilashin motarsa. Mu kuwa da muka zo daga ƙauye muna da tabarmarmu a bakin get, gindin darbejiya. In an idar da magariba kowa ya kawo kwanon gidansa, a haɗa a tsakiya, a zuba hannu. Da ni, da ladanin masallacin layinmu, da mai lambun gidan kallonmu, da mai gadinsu, wani Bakatsine mai dogon wuya da dogon baki. Tsakanin Bahaɗeje da Bakatsine kuwa kowa ya san wasa ne, ba a gaisawa sai an tsokani juna. Tun gemuna yana baƙi muke cin abinci tare da shi. A tabarmar nan ake jin wa ya rasu, wa ya haihu, nawa aka sayar da buhu a ƙauye. Wanda ba ya wurin, ba ya gari.

To na bar alkama, sai na zauna ina jiran lafiya kamar mai jiran mota a tasha. Ba ta zo ba. Cikina ya ci gaba da kumbura kamar an hura salka. Yana ruri, yana ƙugi, yana tura ni bayan gida ba sallama. Ƙafafuna ba ƙarfi. Ni da nake tsayawa bayan liman, sai da na koma sahun ƙarshe, dab da ƙofa, saboda alwalata ba ta da tabbas. Ranar nan ina sujada cikin ya yi wata ƙara, na kusa da ni ya ɗauka janareta aka tayar.

Tsohuwata ta shiga bincike kamar 'yar sanda. Ta fara da injin niƙa na unguwar Gama, inda take kai mana masara. Ta gano a injin nan ake niƙa wa masu alkaki alkamarsu, ta ce daga yau an daina. Ta sa aka kawo turmi daga ƙauye. Kowace safiya sai ka ji lugude a tsakiyar GRA, karnukan manya suna amsa mata. Ta sayi sabuwar tukunya, sabuwar muciya, sabuwar rariya, ta ɗaura musu jan zare don kada a haɗa da na kowa. Ta kori dunƙulen miya na kanti, wai shi ma ana sa masa alkama, aka koma daddawa zalla. Aka hana ni tsire, wai ba a san me aka zuba a yajin ba. Muka koma wajen likita, ta ce hanjin da ya ji rauni wani lokaci ba ya ɗaukar madara, in ɗan dakata da nono. Furar ma ta tafi.

Cikin bai fasa ba.

Da aka rasa wanda za a kama, sai aka kama ni. Na shigo wata rana na tarar da tsohuwata tana zazzage aljihun rigata.

"Me ake nema?"

"Ɓurɓushin gurasa."

"Kin samu?"

"Ai ka iya ɓoyo. Malam, ka ji tsoron Allah. Ni ina nan ina daka har kafaɗata ta sage, kai kana bin bayan mai gurasa bandashe a Badawa."

Na rantse, ta ce rantsuwar direba ce. 'Yata ta bugo waya tana lallashina da muryar da ake yi wa yaro, wai in na ci sau ɗaya in faɗa, ba za a yi min faɗa ba. Wannan ya fi ciwon cikin ƙona min rai. Ga yunwar gurasa na sha, ga zargin cin ta na ɗauka. Da ma na ci ɗin, da na san abin da ake tuhumata a kai.

A zuwanmu na gaba likita ta duba sakamakon jini, ta ce har yanzu akwai alamar alkama na shiga. Ta bi abincina ɗaya bayan ɗaya, safe, rana, dare, ba ta sami komai ba. Sai ta ajiye biro ta ce, "Baba, kai kaɗai kake cin abincin naka?"

Na ce, "Subhanallahi! Ni kaɗai kamar wanda ba shi da kowa?"

Na ba ta labarin tabarma, har da alfahari. Na ce ni kwanon gidana kawai nake ci, tuwon masara ko na shinkafa. Taliyar Bakatsine ba na taɓawa, alkubus ɗin ladan ba na kallo, ɗanwaken mai lambu ma na bari tunda an ce ana sa masa fulawa.

"Su fa? Suna cin naka?"

"Ai miyar gidana ta fi ta kowa. Ladan ma a ciki yake tsoma alkubus ɗinsa."

Ina faɗa na ji abin da na faɗa. Na ga hannun Bakatsine ya fito daga taliya, yana maiƙon manja, ya nutse a miyata, ya lalubo tsoka ya turo gabana, don ni ne babba. Haka yake yi kullum, shekara da shekaru. Ashe da girmamawa ake kashe ni.

Likita ta ce ko ɓurɓushi ya isa ya tayar da ciwon. Ta ce kwanona daban, ba hannun kowa a ciki. Ta ƙara da cewa ko an gyara wannan, hanjin tsoho ba ya saurin warkewa, kuma in abin bai lafa ba akwai sauran gwaje-gwaje. Tsohuwata da ta ji, ko haƙuri ba ta ba ni ba kan aljihuna. Cewa ta yi, "Ai na san a waje ne."

Da magariba na fito da kwano mai murfi, da cokali. Na zauna a gefen tabarma na yi musu bayani da duk ilimin da na kwaso, har da 'yan gashin hanji. Ladan ya ce lalura ce, Allah ya ba da lafiya. Mai lambu ya janye kwanonsa daga kusa da ni. Bakatsine ya kalli cokalin, ya kalle ni.

"Lallai. Bahaɗeje ya zama Bature. Gobe sai a kawo maka tebur da tawul."

"Likita ce ta ce."

"Likita ce ta ce hannuna na da datti?"

"Ba datti ba, alkama."

"Kai da ubanka ya noma ta! Bawan Katsinawa, ka dai ce rowar miya ta kama ka."

Aka yi dariya, amma ba irin ta da ba. Na gane wani abu a kwanakin da suka biyo: hira a cikin kwano take. Waɗanda kawunansu ke haɗuwa a kan abinci su ke magana da juna. Ni ina gefe da cokalina, sai labari ya ƙare in ce, "Wa aka ce ya rasu?" Kuma abin haushin, cikin ya ɗan lafa. Da bai lafa ba, da na jefar da cokalin na koma tsakiya da hujjata.

Ana nan, aka yi suna a gidan da Bakatsine ke gadi, aka ba shi naman rago, matarsa ta dafa shi cikin taliya. Muna zaune, yana ba da labari yana ɗaga hannu, sai kawai ya tsamo tsoka mafi kyau ya jefa a kwanona. Bai ma san ya yi ba. Ga ta nan a tsakiyar miyar kuɓewata, da silin taliya a maƙale.

Kowa ya zuba wa kwanona ido. Ko loma uku ban yi ba, kuma yunwa nake ji. Na kalli tsokar, na tuna sahun ƙarshe. Na tura kwanon tsakiya na ce, "Ku cinye, ya zama naku."

Bakatsine ya miƙe, ya ɗauki fitilarsa, ya koma bakin get ɗinsa. Kashegari bai zo ba, jibi ma haka. Ladan da mai lambu suka riƙa cin abinci kamar a gidan makoki. Ni kuma na fara tunanin in daina fitowa, in bar musu tabarmarsu lafiya.

Ranar da na yi niyyar yi musu sallama ke nan, sai ga shi da buta a hannu ɗaya, sabulu a ɗaya. Ya tsaya a kanmu kamar alƙali.

"Doka. Kowa ya wanke hannu da sabulu, har gwiwar hannu, ni zan duba. Ba mai buɗe kwanonsa. Tuwon wannan mara hanjin za a fara ci, dukkanmu, sai an ga ƙasan kwano. In an gama ya ja gefe, mu ci abincin mutane."

Na ce, "Kai, tsaya. Ku ci nawa, ni ban ci naku ba?"

"Ka fi son cokali?"

Ban fi son cokali ba.

Haka muke har yau, kuma ina so a rubuta cewa an cuce ni. Ƙarti uku suna taya ni cin tuwona da hannuwa masu ƙamshin sabulu, Bakatsine ya lalubo tsoka ya turo min, cikin tsokokin da matata ta saya. In kwano ya ƙare in wanke hannu, in zauna ina kallo a buɗe taliya tana tururi. Tsohuwata ta ƙara girman tukunya, ta ƙara yawan daka, ta ƙara yawan mita, kuma duk a kaina take saukewa. Cikin ma bai gama da ni ba. Yakan yi kwanaki shiru, sai rana ɗaya ya tashi ba dalili, likita ta ce a ƙara haƙuri, a sake ɗibar jini. A masallaci na matso sahun tsakiya, amma ta gefen ƙofa.

Jiya Bakatsine ya suɗe kwanona tas, ya lashe yatsu, ya ce miyar ba ta ji dunƙule ba, in gaya wa uwargida ta gyara. Na ce ya je ya gaya mata da kansa, tana nan bakin turmi, da taɓarya a hannu.