Ku Zo a Duba Taurari

A wani ɗan gidan tarihi a Maraɗi an taɓa buɗe ɗakin taurari, mai rufi kamar kifaffiyar ƙwarya. In aka kashe fitila aka kunna na'ura, sai taurari su fito bisa kanka da rana tsaka. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Jiratawa, nakan kai yaran ajina ranar Asabar.

Wanda ya rubuta allon ƙofa ne ya kashe mu. Maimakon "kallon taurari", sai ya sa "Ku zo a duba taurari". Kowa a garin nan ya san abin da ake nufi da duba.

A gabana wani alhaji daga Sabon Gari ya ja mai yi wa baƙi bayani gefe, yana tambayar ko kayansa za su tsallake iyaka lafiya. Wata tsohuwa ta taso daga Tibiri da baƙar kaza a hannu. Mai bayanin, bawan Allah, ya yi ta rantsuwa shi tafiyar wata da taurari kawai ya sani. Suka fita rai a ɓace, su ne kuma suka yaɗa wai bokanci ake koya wa yara.

Iyaye suka hana ni 'ya'yansu. An gyara allon, ba wanda ya koma ya karanta. Yanzu karyayyun kujeru ake jibgewa a ɗakin.

Mai duban unguwarmu ta Zariya, a nan cikin Maraɗi, kuwa yana nan. Ƙofarsa ba ta rabuwa da takalma, kuma na san masu su.